Multimita ta yi ƙara amma kaya ya ƙi tashi: me kunne ke ji a na'urar gwajin waya?

Idan ka ɗora tsinkayen multimita biyu, wato na'urar aune-aunen lantarki, a kan waya ta yi "tiiit", shin wayar lafiya lau take? Kusan duk wanda ya fara koyon gyaran kayan lantarki zai ce e, ko jinkiri ba zai yi ba. Sai a mayar da wayar a kunna, kaya ya ƙi tashi. Ko ya tashi, amma jim kaɗan fulogi ya ɗau zafi har roba ta fara ƙauri. Wani kuma ya gwada taransifoma, ya ji ƙara, ya yanke hukuncin ta yi shot, wato wayoyin cikinta sun haɗe inda bai kamata ba, ya jefar da abin da babu abin da ya same shi.

Maganar ta ƙara tasowa ne saboda bidiyoyin da ke yawo a intanet na yadda mutum zai haɗa na'urar gwajin waya da hannunsa. Wasu da batir da buza kawai suke haɗawa, wasu kuma da 'yar aisi (ƙaramin guntu mai ƙafafu da aka cusa haɗin lantarki a cikinsa) mai lamba 555, wadda muryarta ke canzawa gwargwadon abin da aka taɓa. Cikin masu sana'ar akwai waɗanda ke ganin abin wasan yara ne, akwai kuma masu rantsuwa cewa ta fi musu multimita amfani. Gardamar ba za ta warware ba sai an san wace tambaya kowace na'ura take yi wa waya, da wadda ba ta iya yi.

Me ake aunawa tun farko?

Babu abin da lantarki ke bi ya wuce kyauta. Kowane abu yana tare masa hanya, wani kaɗan, wani da yawa. Wannan tarewar ita ce turjiya, kuma ana auna ta da om, daga sunan Georg Simon Ohm, Bajamushen malamin da ya wallafa ƙa'idar abin a 1827. Ƙa'idar gajeruwa ce: boltej daidai yake da kwararar lantarki a ninka ta da turjiya. Idan ka ɗora bolt 9 a kan om 1,000, kwararar da za ta bi ita ce miliamfiya 9 (da amfiya ake auna kwarara, miliamfiya 1,000 ne amfiya 1). Ka ninka turjiyar sau 10, kwararar ta ragu sau 10.

Abin lura shi ne faɗin tazarar da ke tsakanin abubuwa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1, tsawon mita 1, turjiyarta kusan om 0.017 ce. Fiyus mai lafiya galibi bai kai om 1 ba. Ƙarfen da ke dafa ruwa a butar lantarki mai wat 2,000 a kan bolt 230 kusan om 26 ne. Busasshiyar fatar hannun mutum takan kai dubban gomomi zuwa ɗaruruwan dubban om. Robar da ke lulluɓe waya kuwa miliyoyi take. Duk wannan tazarar, ƙarar multimita gida biyu kacal take raba ta: ƙara ko shiru.

Ƙarar multimita amsar tambaya ɗaya ce

A cikin multimita an sa wata iyaka. Idan turjiyar abin da ka taɓa ta gaza iyakar, buza ta yi kuka. Idan ta wuce, shiru. Iyakar ta bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan, amma galibi tsakanin om 30 ne zuwa 50. Ke nan ƙarar ba ta ce "lafiya lau" ba. Abin da ta ce shi ne, "turjiyar nan ba ta kai iyakata ba". Om 0.01 da om 20 duk murya ɗaya suke samu.

Ga inda hakan ke cutarwa. Ɗauki mahaɗar waya da ta yi tsatsa ko ta saki, turjiyarta ta kai om 1. Multimita za ta yi ƙara da ƙarfinta. Amma ka sa wa wayar kaya mai jan amfiya 10, a wannan 'yar mahaɗa kaɗai bolt 10 za su zube, kuma zafin da zai taru a wurin wat 100 ne, domin zafi yana tafiya ne da kwarara a ninka ta da kanta sannan a ninka da turjiya. Wat 100 a wurin da bai kai kan ɗan yatsa ba ya isa ya narkar da roba. A mota abin ya fi haka tsanani. Kik yakan ja fiye da amfiya 100, don haka om 0.05 kawai a kan batir ya isa ya cinye kusan rabin bolt 12 ɗin, mota ta ƙi tashi, alhali duk gwajin ƙara yana cewa hanya a buɗe take.

Haka wayar da silin cikinta suka tsittsinke, saura sili ɗaya. Miliamfiya ɗaya ko biyu da multimita ke turawa za su bi ta wannan silin salin-alin. Hanyar da mai ƙafa ya bi ya wuce, ba lalle ne babbar mota ta iya bi ba. Irin wannan matsalar sai an sa wa wayar nauyinta na gaskiya, a auna boltej ɗin da ke zubewa tsakanin ƙarshenta biyu, kafin a kama ta.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar. Naɗin wayar da ke cikin taransifoma, ko injin fanka, ko sifika, doguwar waya ce aka nannaɗe, don haka sau da yawa turjiyarta ƙarama ce. Sifika mai rubutun om 8 za ta nuna om 6 ko 7, ta yi ƙara. Butar nan mai om 26 za ta yi ƙara a multimita da yawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi shot. In kuma da gaske wasu zagaye kaɗan na naɗin sun manne da juna, ƙarar ba za ta canza ba ko kaɗan.

Batir da buza: mafi sauƙi, mafi ruɗi

Na'urar da aka fi nunawa ita ce batir, buza, da waya biyu a jere. An taɓa, hanya ta haɗu, buza ta yi kuka. Tana aiki, kuma don gano wace waya ce wace a cikin dami, ko duba fiyus da makunni, ba ta da laifi. Aibinta shi ne babu wanda ya san iyakarta, har wanda ya haɗa ta. Buzar da ke jan kwarara kaɗan za ta ci gaba da kuka ko da akwai ɗaruruwan om a hanya, sai dai muryar ta ɗan raunana, kuma batir na yin sanyi iyakar na gusawa. Wanda ya haɗa irinta, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya ɗebo rizistoci, wato 'yan sassan da aka ƙera da sananniyar turjiya, om 10, 100, 470, 1,000, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya ga inda take yin shiru. Mutane da yawa sukan sha mamaki.

A nan ya kamata a rarrabe buza iri biyu, domin a ido kusan ɗaya suke. Akwai mai yin kuka da kanta da zarar an ba ta batir, saboda a cikinta akwai abin da ke kaɗa ta. Akwai kuma wadda in ka ba ta batir "tak" ɗaya za ta yi ta tsaya, domin ita faranti ne kawai mai jiran a kaɗa shi daga waje. Ta farko ce ake so a na'urar batir da buza. Ta biyu, ko ƙaramar sifika, ita ake so a na'urar da muryarta ke canzawa. Farantin nan yana aiki ne da wata ɗabi'a ta wasu duwatsu da masana kimiyya Faransawa Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880, cewa in an matsa su suna fitar da lantarki. Ba a jima ba aka tabbatar cewa in an ba su lantarki su ma suna motsawa.

Yadda turjiya ke komawa murya

Sauti bugun iska ne. Bugu da yawa a sakan, murya siririya. Bugu kaɗan, murya mai kauri. Ana ƙirga bugun da hats, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga hats 20 zuwa kusan 20,000, ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Dabarar ita ce a sa turjiyar abin da ake gwadawa ta zama ita ke yanke saurin bugun.

Aisi 555 tamkar don wannan aka yi ta. Hans Camenzind ne ya tsara ta wa kamfanin Signetics a Amurka, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera ta. Ƙafafunta 8. Aikinta a nan shi ne ta sa ido kan wata 'yar kafasita, abin da ke tara caji na ɗan lokaci: tana barin ta ta cika har kashi 2 cikin 3 na boltej ɗin batir, sai ta juye ta zuwa kashi 1 cikin 3, sai ta sake barin ta ta cika. Kowane cikawa da juyewa bugu ɗaya ne a sifika. Lantarkin da ke cika kafasitar kuwa ta cikin abin da ake gwadawa yake biyowa. In hanya a sake take, kafasita ta cika da wuri, murya ta yi siriri. In akwai turjiya, cikawa ta ɗau lokaci, murya ta yi kauri.

Ga haɗin, da batir mai bolt 9. Ƙafa ta 1 zuwa negatif. Ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa fozitif. A haɗa ƙafa ta 2 da ta 6, daga nan a sa kafasita mai nanofarad 100, wadda ake rubuta 104 a jikinta, zuwa negatif. Tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6 a sa rizista mai om 2,200, mai zobe ja, ja, ja. Daga ƙafa ta 7 a sa wata mai om 1,000, mai zobe ruwan ƙasa, baƙi, ja, ɗaya ƙarshenta ya tafi baƙin tsinke. Jan tsinke kuma ya fito kai tsaye daga fozitif. Ƙafa ta 3 ita ce bakin fita: kafasita mai maikurofarad 10, sai rizista mai om 100, sai sifika, ɗaya wayar sifikar zuwa negatif. Kafasitar nan ta bakin fita ba ado ba ce. Ita ke hana lantarki zuba cikin sifika lokacin da tsinkaye ke a rabe.

Lissafin muryar sananne ne. A tara om 1,000 da turjiyar abin gwaji da ninkin 2,200, a ninka jimlar da girman kafasita, a raba 1.44 da abin da ya fito. Tsinkaye a manne, murya kusan hats 2,670 ce, siririya mai huda kunne. A sa om 1,000, ta sauko 2,250. Om 10,000, kusan 935. Om 100,000, kusan 137, gurnani sosai. Om miliyan 1, bugu 14 a sakan, wanda ba murya ba ce kuma, "tak-tak-tak" ne da za ka iya kusan ƙirgawa.

Wani kyakkyawan hali na 555 shi ne iyakokinta biyu kason batir ne, ba tsayayyen boltej ba. Don haka batir na yin sanyi ƙarfin ƙarar ne ke raguwa, kaurin muryar kusan bai canzawa. Abin da kunne ya haddace yau, shi zai ji bayan batir ya tsufa.

Abin da kunne ke kamawa, ido ya rasa

Wanda ya haɗa na'urar nan, ya gwada wannan. Ya goga fensir da ƙarfi a kan takarda har layin ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, ya ɗora tsinke ɗaya a farkon layin, ya riƙa jan ɗayan a hankali yana nisantawa. Zai ji muryar tana gangarowa a hankali, ba tsalle. Sai ya riƙe bakin tsinkayen da busassun yatsu, ya ji gurnani. Ya jiƙa yatsun, ya ji muryar ta haura. A minti kaɗan zai fahimci turjiya fiye da abin da shafuka da yawa za su koya masa.

A wurin aiki, amfaninta na gaskiya yana wajen matsalar da ke zuwa ta tafi. Wayar caja ko ta abin sauraro da ta karye daga ciki, galibi dab da fulogi inda take yawan lanƙwasa: ka maƙala tsinkaye a ƙarshenta biyu, ka riƙa murza ta da yatsa kana tafiya. Kana isa wurin karayar murya za ta fara ƙarce-ƙarce tana yankewa. Allon multimita sau 2 ko 3 yake sabunta lamba a sakan, saboda haka yankewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba takan wuce shi. Wasu multimitocin ma buzarsu na da nawa, sai an ɗan jima da taɓawa take amsawa. Haka maɓallin ƙara sauti da ya cinye daga ciki: mai lafiya muryarsa santsi take hawa da sauka in ana juya shi, wanda ya lalace kuwa sai ka ji ta tana tuntuɓe.

Kafasita ma tana da tata muryar. Babba mai lafiya, wadda aka sauke wa caji, za ta fara da siririyar murya, ta zame ƙasa, ta yi shiru, domin ta cika ta tare hanya. Girmanta ne ke yanke tsawon zamewar. In muryar ta tsaya siririya ba ta sauka ba, ta yi shot. Dayod kuwa ta fuska ɗaya take barin lantarki ya wuce, tana cin kusan bolt 0.6, don haka za ka ji murya ƙasa kaɗan da ta waya. Ka juya tsinkaye, shiru.

Wannan ya dogara ne da wurin da aka sa tsinkayen, kuma nan ne zane-zanen intanet ke rikita mutane. Da yawa suna sa su tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6. A wannan wurin lantarki gaba da baya yake yi, yana shiga lokacin cikawa, yana fita lokacin juyewa. Sakamakon haka babbar kafasita mai lafiya za ta yi ta kuka ba tsayawa kamar waya, dayod mai lafiya kuma kusan shiru za ta yi ta fuska biyun. Mutum biyu na iya haɗa "na'ura ɗaya", su gwada abu ɗaya, su ji saɓanin juna, su yi ta musu. A ganina wurin da na bayyana a sama ya fi, saboda lantarki hanya ɗaya yake bi.

Akwai kuma batun ido. A kan allon kayan ciki na wayar hannu ko na kwamfuta, inda ƙafafun aisi ke kusa da juna kamar haƙoran mataji, ɗauke ido daga tsinke don duba lamba shi ne ke sa tsinke ya zame. Sannan ga waɗanda ba su da idon gaba ɗaya. Cibiyar binciken ido ta Smith-Kettlewell da ke San Francisco ta taɓa shafe shekaru tana wallafa wa makafi masu aikin lantarki zane-zanen na'urorin gwaji masu magana da sauti. A wurinsu wannan ba wasa ba ne, shi ne kayan aiki.

Inda na'urar take kurma

Koma kan lissafin. Tsinkaye a manne, hats 2,667. A sa om 10, hats 2,662. Bambancin hats 5 ne, kuma ba wanda zai ji shi a wurin aiki. Ko om 100 da ƙyar yake sauke muryar da kashi 2 cikin 100. Ma'ana, na'urar 555 ta ƙware a manyan turjiyoyi, amma a ƙasa da om 100, inda matsalar tsatsa da sakakkiyar mahaɗa take, ta ma fi multimita kurumta. Wanda ya ce ta warware matsalar da muka fara da ita, bai yi lissafi ba.

Ana iya rage rizistocin a ƙara girman kafasita don kunnenta ya buɗe ga ƙananan turjiyoyi, amma sai kwararar da take turawa cikin abin gwaji ta ƙaru, batir ya riƙa ƙarewa da wuri, manyan turjiyoyi kuma su faɗa ƙasa da abin da kunne ke ji. Wasu kan sa makunni mai zaɓi biyu don haka.

Masu neman inda shot yake a kan allo suna buƙatar abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Layin jan ƙarfe na allo, mai faɗin milimita 1 da tsawon santimita 10, kusan om 0.05 ne, alhali wayoyin tsinkayen kansu sukan kai om 0.2 ko fiye. Na'urorin da aka yi don wannan aikin suna amfani da waya 4, dabarar da ake jingina wa masanin kimiyyar Birtaniya Lord Kelvin: biyu na tura kwarara, biyu na auna boltej, ta yadda turjiyar wayoyin ba ta shiga lissafi. Sai a ƙara girman ɗan boltej ɗin da aka samu, a mayar da shi murya. Mai gyara yana jan tsinke a kan layi, murya na canzawa yayin da yake kusantar wurin. Ana iya yin kwatankwacinsa a gida, a tura boltej ɗin da aka ƙara wa girma zuwa ƙafa ta 5 ta 555, amma ba aikin mai fara koyo ba ne.

Ɗaya ƙarshen kurumtar ya fi haɗari. Shiru tsakanin waya da jikin ƙarfen kaya ba shaidar cewa rufin wayar lafiya yake ba. Robar da ta tsage ko ta sha danshi tana iya riƙe bolt 9 ta kasa riƙe 230. Shi ya sa na'urar gwajin rufin waya take tura bolt 500, a nemi aƙalla om miliyan 1 a wayoyin gida.

Boltej nawa ke bakin tsinke?

Wannan tambayar ba a cika yin ta ba, kuma ita ce ke raba na'urar gwajin waya da na'urar gwajin allo. Haɗin da na bayyana yana da bolt 9 a bakin tsinke, kuma yana iya tura har miliamfiya 9. Ga waya, fiyus, makunni, ƙwan fitila, babu komai. Amma a kan allo mai aisi da taransista, bolt 9 ya wuce 0.6 ɗin da ke buɗe kowace dayod, don haka lantarki zai bi ta cikin kayan ya zagayo, ka ji murya a inda babu waya. Ban da ruɗin, akwai ɓarna. Aisi da yawa na zamani da bolt 3.3 ko ƙasa suke aiki. Ƙananan fitilun LED galibi bolt 5 ne iyakar abin da suke jurewa in an juya musu fuska. Taransista ma akwai ƙafafunta biyu da bolt 9 a juye ke raunanawa a hankali, ba tare da ta nuna a take ba.

Maganin shi ne a riƙe boltej ɗin tsinke a wajen bolt 0.2, ƙasa da abin da ke farkar da yawancin dayod. Sai a sa aisi mai kwatanta boltej biyu, irin LM393, ta duba abin da ya zube a kan abin gwaji, ta kunna buza in bai kai iyakar da kai ka zaɓa ba. A nan kai ke da iko da iyakar, kana iya sa ta a om 10 maimakon 50. Sai dai kada a yi zari. Da bolt 0.2 ta cikin om 100, om 1 milibolt 2 kacal yake bayarwa, ita kuwa LM393 kuskurenta na cikin gida yana iya kaiwa milibolt 5. Mai son iyakar om 1 sai ya sa maɓallin daidaitawa ko ya nemi aisi da ta fi ta.

Masu cewa a saya, da masu cewa a haɗa

Hujjar masu cewa a saya tana da ƙarfi. Multimita ko mai araha tana ba da lamba, tana auna boltej, kuma masu inganci suna da kariya ta yadda in ka yi kuskuren taɓa wuta kana kan gwajin ƙara, ba za ta fashe a hannunka ba. Murya ba lamba ba ce, ba za ka iya rubuta ta ka nuna wa mai kaya ba. Masu cewa a haɗa kuma suna nuna saurin amsawa, da muryar da ke ba da labari maimakon e ko a'a, da ilmin da mai koyo ke samu.

Ni ina ganin kuskure ne a ɗauke su kishiyoyi. Wanda zai mallaki ɗaya tak, ya sayi multimita, ya kuma saba duba lambar da ke allo bayan ya ji ƙarar. Na'urar gida ƙari ce, ta farautar karayar da ke ɓuya da bin dami na wayoyi. Ga mai kai gyara kuwa, abin da ya shafe shi shi ne: idan aka ce masa "na gwada, ta yi ƙara", ko "ta yi ƙara, ta ƙone", yana da damar tambayar om nawa ta nuna. Sassa masu lafiya da yawa ana canza su ne a kan ƙara kawai.

Kafin tsinke ya taɓa komai

Na'urar gida ba ta da kariya ko ta sisin kwabo. In tsinkayenta suka taɓa bolt 230, aisi za ta tarwatse, kuma wutar na iya isa ga batir da duk ƙarfen da hannu ke kai. A zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Bayan an zare ma, babbar kafasitar da ke cikin caja, talabijin ko abin ba kwamfuta wuta tana iya riƙe kusan bolt 325 na wani lokaci. A auna ta da multimita, a sauke ta ta cikin rizista mai jure zafi, ba da sukundireba ba. Kafasitar na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa kusan bolt 2,000 take ɗauka, ba wurin mai koyo ba ne sam.

A sa na'urar cikin akwatin roba, a sa mata makunni. NE555 ta asali tana jan 'yan miliamfiya ko tsinkaye na rabe, wanda ya isa ya shanye batir mai bolt 9 cikin kwanaki kaɗan in an manta ta a kunne. Ire-iren TLC555 da 7555 sun fi ta tattali ƙwarai, kuma ƙafafunsu ɗaya ne da nata. Sannan duk lokacin da za a yi gwaji, a fara haɗa tsinkayen biyu a ji murya, a sake haɗa su bayan an gama. Mataccen batir ko tsinkakkiyar wayar tsinke shiru suke yi, irin shirun da wayar da ta yanke take yi.